Kafaɗar da Ke Yawan Gocewa: In An Yi Aiki, Za Ta Sake Fita?

"Likita, in an yi mini aikin nan, shi ke nan ba za ta ƙara fita ba?"

Kusan duk mai fama da gocewar kafaɗa sai ya yi wannan tambaya, kuma yana da gaskiya. Aikin tiyata ba ƙaramin abu ba ne. Wani sai ya sayar da rago ko damman hatsi kafin ya haɗa kuɗin. Bayan aikin kuma zai yi watanni bai riƙe hauya ba. Dole mutum ya so sanin abin da zai samu.

Ba likitan da zai iya rantse maka cewa kafaɗarka ba za ta sake gocewa ba. Amma ba a cikin duhu yake ba. Tsohon manomi in ya dubi hadari yakan ce wannan na ruwa ne, wancan na iska ne. Wani lokaci yakan kuskure, amma sau da yawa maganarsa takan tabbata, domin ya san alamun. Kafaɗa ma tana da alamunta. Tun kafin a taɓa ka da wuƙa likita yana iya duba su, ya gaya maka ko ƙaramin gyara zai ishe ka, ko sai an yi babba. Wannan ɗan littafi zai nuna maka alamun, don ka gane abin da likita yake nema sa'ad da yake yi maka tambayoyi.

Yadda kafaɗa take

Gaɓar kwatangwalo kamar taɓarya ce cikin turmi. Gurbin yana da zurfi, kan ƙashin ya nutse a ciki, shi ya sa da wuya ya fita. Kafaɗa ba haka take ba. Ita kamar tulu ce a kan gammo. Kan ƙashin damtse babba ne, mulmulalle. Gurbin da yake zaune a kai, a jikin allon kafaɗa, ɗan ƙarami ne, kusan a shimfiɗe yake, faɗinsa bai kai na yatsu biyu ba. Saboda haka ne hannu yake iya juyawa ko'ina: sama, baya, gefe. Saboda haka ne kuma, a cikin manyan gaɓoɓin jiki, kafaɗa ta fi kowace yawan gocewa.

Abu uku ne suke riƙe da tulun. Na farko gurbin ƙashin kansa. Na biyu wani zobe na guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, shi ne gammon, tare da jijiyoyin da suka kama a jikinsa suka lulluɓe gaɓar kamar jaka. Na uku tsokoki, waɗanda suke danna kan ƙashin cikin gurbinsa duk sa'ad da ka motsa hannu.

Kusan kullum ta gaba kafaɗa take fita, wajen hammata. Hakan yana faruwa ne in hannu yana sama, aka kuma banƙare shi baya da ƙarfi, kamar hannun mai shirin jifa. Ɗan kokawa da aka murɗe wa hannu, mai babur da ya faɗi ya tokare ƙasa, yaron da ya faɗo daga itace, mai kiwon da sa ya fizge igiya a hannunsa, duk hanya ɗaya ce.

Abin da ke lalacewa a ciki

In an mayar da kafaɗa, ciwo ya lafa, mutum yakan ɗauka ya warke. A ciki kuwa akwai ɓarna. Kan ƙashin ba ya fita sai ya yage gammon nan daga bakin gurbi ta gaba. Ga matasa, yawanci gammon ba ya komawa ya manne a wurinsa. Ƙofa ta zauna a buɗe ke nan. Fitar farko sai da faɗuwa mai tsanani. Ta biyar kuwa, ɗaga hannu don sa riga ya isa, ko juyi cikin barci.

A birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan likitoci sun bi mutum 252, ƴan shekara 15 zuwa 35, waɗanda kafaɗarsu ta goce karo na farko aka mayar ba tare da aiki ba. Sun buga sakamakon a 2006. Kafin shekara biyu ta cika, fiye da rabinsu kafaɗar ta sake fita ko ta riƙa zamewa. Samari ne suka fi yawa a ciki.

Akwai ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko muni, ita ce ta ƙashi. Ka dubi bakin tsohuwar rijiya, yadda igiyar guga ta ci itacen har ta yi masa kwari. Ba rana ɗaya ta yi ba. Haka kan ƙashin damtse yake goge bakin gurbi duk lokacin da ya fita ya koma. Wani lokaci ma tun a fitar farko yake ɓantare guntu. Shi ma kan ƙashin ba ya tsira. Bayansa yana bugun kaifin bakin gurbin, sai ya lotsa kamar kwanon da ya faɗi a kan dutse. Wasu likitocin hoto biyu a Amurka, Hill da Sachs, su suka yi bayanin wannan lotsawa a 1940, har yau da sunansu ake kiranta. In lotsawar tana da faɗi, gurbin kuma ya rage, da mutum ya ɗaga hannu ya kai shi baya sai lotsawar ta maƙale a bakin gurbin, ta ɓamɓaro kan ƙashin waje.

Gammo in ya yage ana ɗinke shi. Ƙashin da ya goge kuwa ba ya tsirowa.

Aiki iri biyu

Aiki na farko shi ne ɗinki. Ana mayar da gammon da jijiyoyinsa bakin gurbi, a ɗaure su da zare mai ƙarfi a jikin ƙashi. Ana kiransa aikin Bankart, sunan wani likita na Landan da ya yi rubutu a kansa tun 1923. Ana iya yinsa ta hanyar yanka a gaban kafaɗa. A manyan asibitoci kuma ana yinsa ta ƴan ƙananan huji, da kamara mai siririn baki. Kada ka raina na yankan don tabonsa ya fi tsawo. Wajen hana kafaɗa sake fita, bai gaza na kamara ba.

Aiki na biyu shi ne ƙarin ƙashi. A gaban allon kafaɗa akwai wani ɗan ƙashi da ya turo kamar bakin hankaka. Ana yanke shi tare da jijiyar da ke jikinsa, a kai shi bakin gurbin da ya goge, a kafe shi da ƙusoshi biyu irin na murɗawa. Gurbin ya ƙara faɗi. Jijiyar da aka zo da ita kuma takan miƙe a gaban gaɓar kamar majanyi duk sa'ad da aka ɗaga hannu, ta tare kan ƙashin. Wannan shi ne aikin Latarjet, likitan birnin Liyon na Faransa da ya fito da shi a 1954. In ramin ya yi girma ƙwarai, akan ɗebo ƙashi daga ƙugu a cike.

Sai ka ce, to, me zai hana a yi wa kowa na biyun, a huta? Dalili shi ne kowane aiki da nasa farashin a jiki. Ƙarin ƙashi ya fi riƙewa: a yawancin binciken da aka yi, waɗanda kafaɗarsu ta sake fita ba su kai mutum 1 cikin 10 ba. Amma ana yinsa ne kusa da manyan jijiyoyin da ke motsa hannu, ana iya taɓa su. Ƙashin da aka dasa yana iya ƙin kamawa. Ƙusa tana iya karyewa ko ta riƙa gogar gaɓar. In kuma wannan aikin ya lalace, gyaransa yana da wuya. Ɗinki ya fi sauƙi, haɗarinsa kaɗan ne, amma ba kowa yake riƙewa ba. Aikin likita shi ne ya gane wanda ɗinki zai ishe shi da wanda ba zai ishe shi ba.

Alamun da likita yake dubawa

A birnin Nis na Faransa, likitoci biyu, Balg da Boileau, sun bi mutum 131 da aka yi wa ɗinki da kamara. A cikinsu 19 kafaɗarsu ta sake gocewa. Sai suka zauna suka duba: me waɗannan 19 suke da shi wanda sauran ba su da shi? Daga nan suka fitar da wani lissafi mai maki 10, suka buga shi a 2007. Likitocin ƙashi a ƙasashe da yawa suna aiki da shi, domin ba ya bukatar komai sai tambaya, da gwaji da hannu, da hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake ce wa radiyo.

Abu na farko shekaru. In mutum yana da shekara 20 ko bai kai ba a lokacin aikin, maki 2 ne. Naman yaro yana da laushi, yana miƙewa. Sannan yaro ba ya jin magana, da ciwo ya ragu ya koma fili. Da yawa a ƙauye ba su riƙe shekarunsu ba. Ba laifi. Ka zo da takardar haihuwa in akwai, ko ka gaya mana ajin da kake, ko wani abu da aka yi shekarar da aka haife ka.

Na biyu abin da kake yi da hannun. Mai wasa na gasa, maki 2. In wasan na karo ne da gwada ƙarfi, ko na wurgi da hannu sama, a ƙara 1. Ɗan kokawar da ke shiga fili a gaban makaɗa ya kwashe duka ukun, haka ɗan dambe, haka mai tsaron gida a ƙwallo.

Na uku sakin gaɓoɓi, maki 1. Akwai mutanen da haka aka halicce su. Babban yatsansu yana iya lanƙwasowa ya taɓa hannu, gwiwar hannunsu tana wuce miƙewa ta koma baya. Yawanci abin a dangi yake. Shi ya sa za ka ga likita yana jujjuya lafiyayyar kafaɗarka, kana mamaki ko ya manta wadda ke ciwo. Bai manta ba.

Sauran maki 4 duk na ƙashi ne. In lotsawar kan ƙashi ta fito a hoton da aka ɗauka an juya hannu waje, maki 2, domin ƙaramar lotsawa takan ɓuya a wannan hoton, babba ce kawai take bayyana. In kuma farin layin bakin gurbi ya ɓace ta ƙasa, alamar ya goge ko ya ɓantare, wasu 2.

Ga abin da suka samu. Waɗanda makinsu ya wuce 6, mutum 7 cikin 10 kafaɗarsu ta sake fita bayan ɗinki. Masu 6 zuwa ƙasa, 1 cikin 10 kawai. Likitocin da suka gwada lissafin daga baya, da yawansu sun ga 6 ta yi yawa, suka ce tun daga 3 ko 4 ya kamata a fara tunanin ƙarin ƙashi.

Bari mu gwada. A ce ga saurayi ɗan shekara 19, ɗan kokawa, burinsa wata rana a zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilci jiharsu a gasar takobi. Tun bai shiga ɗakin hoto ba yana da maki 5. In hoto ya nuna lotsawa, ya zama 7. In aka yi masa ɗinki kaɗai, kusan an zubar da kuɗin mahaifinsa. Ga kuma tela ɗan shekara 35, babur ya kayar da shi, kafaɗar ta fita sau biyu, hotonsa fes. Makinsa sifiri. Shi ɗinki ya ishe shi, kai, wataƙila ma motsa jiki na ƙarfafa tsoka ya wadatar ba sai an yanka ba. Ciwonsu suna ɗaya, amma maganinsu ya bambanta. Saboda haka kada ka ce maƙwabcinka an yi masa kaza, kai ma shi kake so.

Maganar ƙashi ita ce babba

A cikin alamun nan duka, ba kamar ƙashi. A shekara ta 2000 likitoci biyu, Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu, sun ba da labarin mutum 194 da suka yi wa ɗinki. Waɗanda ƙashinsu yake cikakke, 4 cikin 100 ne kawai kafaɗarsu ta sake fita. Waɗanda suka yi babbar asarar ƙashi kuwa, 21 ne, 14 daga cikinsu ta sake fita. Likitocin ɗaya, zaren ɗaya, ɗinkin ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Nawa ne "babbar asara"? An daɗe ana cewa kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na faɗin gurbin. Ka tuna gurbin bai kai yatsu biyu ba. Ashe guntun da ake magana a kai bai wuce ƙwayar wake ba. Yanzu ma an gane cewa ga mai aikin ƙarfi, abin da bai kai haka ba yana iya kawo matsala. Radiyo ba ya nuna ƙaramar asara sosai. Na'urar sikana ce take auna ta daidai, ita kuwa sai manyan birane kamar Yamai. In likita ya ce ka je ka yi, ba don ya wahalar da kai ba ne. In ba hali, ka faɗa masa. Yana iya ɗaukar hoto ta fuska daban daban, kuma ranar aiki zai ga ƙashin da idonsa. Shi ya sa wani lokaci yakan nemi izininka tun da wuri: in ya buɗe ya tarar ƙashin ya ci, ya wuce ɗinki ya yi ƙari.

A nan ne muke so ka tsaya ka yi tunani. Shekarunka ba kai ka zaɓa ba. Sakin gaɓoɓi gado ne. Amma yawan fitar da kafaɗarka za ta yi kafin ka zo, wannan yana hannunka. Muna ganin samarin da suka ƙware wajen mayar da kafaɗarsu da kansu. Su kama gwiwa su ja baya, ko aboki ya taka hammata ya fizga, a yi dariya a ci gaba da aiki. In ka tambaye su sau nawa ta fita, sai su ce ai ba ta ƙirguwa. Kowace fita ta tafi da ɗan ƙashi. Wanda da ya zo bayan ta biyu ɗinki zai ishe shi, ya zo bayan ta ashirin sai babban aiki, wani ma gaɓar ta riga ta fara cinyewa. Rage jin zafi lokacin fitar ba alamar sauƙi ba ce. Alama ce ƙofar ta ƙara faɗi.

Maɗori yana iya mayar da kafaɗa, wasunsu ma suna da hannu. Amma yatsa ba ya jin abin da ya ɓantare a ciki. Ko an mayar a gida, a zo a yi hoto.

Abin da lissafin bai faɗa ba

An yi lissafin nan ne a Turai, a kan mutanen da wahalar kafaɗarsu daga wasa take zuwa. Bai san manomi ba. Ɗan shekara 24 da ba ya wasan komai, hotonsa lafiya, a takarda makinsa sifiri ne. Amma shi ne yake sara da gatari, yake ɗora damman hatsi a rumbu, yake jefa wa magini tubali a kan katanga, yake saɓa buhun albasa. Matarsa kuma tana daka safe da yamma, tana jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin, tana ɗora tulu a kai. A ganinmu irin waɗannan sun fi kusa da ɗan wasan gasa fiye da ma'aikacin ofis, sai dai shi ɗan wasa yana iya barin wasa, manomi kuwa ba ya barin gona. Don haka in likita ya tambaye ka sana'arka, kada ka ce "noma" ka yi shiru. Ka nuna masa da hannu irin motsin da kake yi, da wanda in ka yi kake jin kafaɗar za ta fita.

Lissafin bai ambaci farfaɗiya ba, ga shi kuwa tana gaban kome. Lokacin faɗuwa tsokoki suna fizga da ƙarfin da ya isa ya fitar da kafaɗa, ta gaba ko ta baya, har ya farfasa ƙashi. Ba ɗinki ko ƙusar da za ta iya tsaya wa wannan ƙarfi. Mai farfaɗiya sai ya fara shan magani kullum ba fashi, faɗuwar ta tsaya na tsawon lokaci, kafin a yi maganar aiki. Mun san iyalai suna ɓoye wannan ciwo, musamman in yarinya ce da ba ta yi aure ba. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma tana da magani. Abin da aka gaya wa likita a ɗakinsa yake tsayawa. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Haka nan ƙwayar tramadol, wadda ake ce wa tramol, da samari suke sha don su jure aiki. In an sha da yawa tana kayar da mutum da jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko da bai taɓa yi ba. Saurayin da ya farka da gocacciyar kafaɗa bai san yadda aka yi ba, harshensa da cizo, dole mu yi masa wannan tambaya. Ba don mu kunyata shi ba ne. In bai bari ba, aikin ba zai daɗe ba. Wanda ya saba da ita kada ya yanke rana ɗaya, ya zo a taimake shi ya rage sannu a hankali. Mai shan giya da yawa shi ma yana cikin wannan haɗari. Taba kuma tana hana ƙashin da aka dasa kamawa da wuri.

Akwai kuma waɗanda aiki ba nasu ba ne. Yaron da yake fitar da kafaɗarsa da gangan, ba ciwo, don ya ba abokai mamaki, in an ɗinke ma zai kwance. A hana shi, a koya masa motsin ƙarfafa tsoka. Mai sakin gaɓoɓi wanda kafaɗarsa take zamewa ko'ina ba tare da ya taɓa faɗuwa ba, shi ma da motsa jiki ake farawa, watanni da dama. Wanda ya wuce shekara 40 kuwa, ba sake fita ce babbar damuwarsa ba. Shi jijiyar da ke ɗaga hannu ce takan tsinke. In an mayar masa da kafaɗa, sati biyu ko uku suka wuce bai iya ɗaga hannu ba, ya dawo da sauri.

Rabin aikin naka ne

Zare ba ya riƙe kafaɗa har abada. Amfaninsa ya riƙe naman a wuri ɗaya har ya manne da ƙashi, wannan kuwa yana ɗaukar wajen wata uku. Ƙashin da aka dasa shi ma haka. Ciwo yakan tafi tun kafin nan, a nan ne mutane suke ruɗuwa.

Za a rataye maka hannu sati 3 zuwa 6, gwargwadon aikin da aka yi. Ka bar maratayin har cikin barci, sai in likita ya ce a cire. Ka riƙa motsa yatsu da gwiwar hannu kullum. Wajen wanka ka sunkuya gaba hannun ya yi lilo da kansa, a wanke hammata a share. Kada ka kwanta ka yi matashi da hannuwanka a ƙarƙashin ƙeya. In za ka sa riga, hannun da aka yi wa aiki shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita. Bayan an cire maratayi za a koya maka motsi mataki mataki: da fari na sakin gaɓa, daga baya na ƙarfi. Kada ka tsallake, kada kuma ka bari don tsoro, gama kafaɗar da ba a motsa ba takan sandare. Ƙaramin aiki sai wajen wata uku. Noma, daka, ɗaukar kaya, kokawa, sai wajen wata shida, kuma sai likita ya gwada ƙarfin hannun ya yarda. Tuƙin babur ma a jira izini.

To, ka ƙirga wata shida a kan shekarar manomi. In an yi aiki ana gab da shuka, damina ta wuce ka, ko kuwa ka karya doka ka fita noman farko da ɗanyen ɗinki, abin da ya fi faruwa ke nan. In an yi bayan an gama kaka, cikin Nuwamba, wata shida zai cika cikin Mayu, kafin ruwa ya zauna. Mai lambun rani da mai tafiya cin rani nasu lissafin daban ne, su faɗi lokacin da ya fi musu sauƙi a tsara tare. Ɗan kokawa ya sani tun yanzu cewa zai rasa kakar wasa guda cur. Iyali su zauna kafin ranar aiki su raba ayyuka: wa zai yi ban ruwa, wa zai kula da dabbobi. In mace ce, maigida, sai ka nemi wadda za ta karɓe ta daka da ɗiban ruwa da goyo, ko ka ware kuɗin niƙa. Ba lalaci take yi ba.

Ka dawo asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba in ka ga zazzaɓi, ko wurin yankan ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, ko hannu ya mutu, ko ka kasa lanƙwasa gwiwar hannu.

In ta sake fita

Wasu takan sake fita a shekarar farko, wasu sai bayan shekara biyu ko fiye, lokacin da mutum ya manta ma an yi masa aiki. Wani lokaci ba ta fita gaba ɗaya. Sai dai ka ji ta zame ta koma, ko hannu ya mutu na ɗan lokaci, ko ka ga kana tsoron kai hannu baya. Wannan ma a zo a faɗa.

In ta fita sosai, kada kowa ya ja ta, musamman in akwai ƙusa a ciki. A rataye hannun yadda ya fi maka daɗi, kada ka ci abinci ko ka sha wani abu don wataƙila a sa ka barci kafin a mayar, ku kamo hanya a ranar. Kafaɗar da ta kwana uku a waje ta fi ta yau wuyar mayarwa, wadda ta yi sati uku kuwa yawanci sai an yanka. Sake fita ba ya nufin magana ta ƙare. Wanda aka yi wa ɗinki ana iya yi masa ƙarin ƙashi. Amma likita zai so ya san ainihin abin da aka yi da fari, da yadda ƙashin yake a lokacin. Saboda haka ka adana katinka, da takardar aikin, da tsofaffin hotuna duka a cikin leda, inda gara da ruwa ba za su kai ba, ka zo da su.